Sharhi kan ƙarafan da ke riƙe wayoyin turken jirgin ruwa mai filafilai

Bayan na canza wayoyin da ke riƙe turken ƙaramin jirgina mai filafilai, kuma na yi zirga-zirga da shi a ruwan gishiri, ra'ayina shi ne maɗaurin bakin waya na Sta-Lok ya cancanci kuɗinsa, duk da cewa ya fi wanda ake matsewa da inji tsada. Wayar 1x19 nake amfani da ita, wato mai silla 19 da aka murɗe wuri guda. Wajen sa maɗaurin, ana warware silla 12 na waje, a zura ɗan ƙarfe mai tsini a kan silla 7 na tsakiya, a mayar da na wajen yadda suke, sannan a ɗaure da sifana biyu. Aikin yana son haƙuri, domin idan silla ɗaya ta faɗa cikin tsagar ɗan ƙarfen to sai an sake. Abin da ya fi gamsar da ni shi ne ana iya kwance shi a duba cikinsa, alhali wanda aka matse da inji yakan tara ruwa a ciki ya tsage ba tare da an ankara ba.

Duk ƙusoshin da na saya ƙarfe marar tsatsa ne mai lamba 316, wanda ke ɗauke da sinadarin molibdinam kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, shi ya sa ya fi mai lamba 304 jure gishiri. Amma shi ma yana cinyewa a inda iska ba ta kaiwa, don haka ba na yarda a naɗe mahaɗa da salatif har ruwa ya kwanta a ciki.

Zoben nan mai kama da na makulli, da ake sanyawa don hana ƙusa zamewa, bai samu amincewata ba. Yana da sauƙin sawa, sai dai igiyar filafili tana iya kama bakinsa ta warware shi, kuma da zarar ƙusar ta fice turke ne zai faɗo. Fil mai ƙafa biyu na koma wa, ina buɗe ƙafafunsa kaɗan kawai don ya ciru da filaya idan gaggawa ta taso, kuma ba na mayar da wanda aka taɓa lanƙwasawa. Dole kaurin kowace ƙusa ya cika raminta daidai, domin siririya tana tara nauyi a wuri guda har ramin ya faɗaɗa.

A wajen abin ɗame waya kuwa na zaɓi mai jikin tagulla, saboda ƙarfe marar tsatsa kan ɗan'uwansa yakan cije ya ƙi juyawa.