Dokin haya mai taƙama: yadda muka ƙare da shi a hanyar Fanisau

Shekara uku ke nan ciwon baya ya raba ni da hawa mai nisa. Ko kilisar yamma na fita, in doki ya ɗauki sassarfa, ranar kwana zan yi ina juyi. Abokina ne ya matsa mini in gwada wani bidi da ake bayarwa haya a wata barga cikin birni, ya ce taƙamarsa sai wanda ya hau. Ranar Asabar bayan sallar asuba muka fita mu huɗu, muka nufi Fanisau, inda Sarkin Kano ya saba kai hawa bayan Sallah.

Yaron bargar da ya riƙe mini likkafa ya ce, "Yallaɓai, kada ka matsa masa linzami, sakar masa kai kawai." Haka na yi. Muna barin kwalta ya shiga tafiyarsa, kofato na sauka ɗaya bayan ɗaya, tak-tak-tak-tak. Sirrin ke nan. A sassarfa doki na ɗaga ƙafa biyu tare, ya ɗan tashi sama ya dawo da kai kan sirdi da ƙarfi. Mai taƙama kuwa kullum akwai ƙafarsa a ƙasa, sai dai ka ji ƙugunka na lilo a hankali. Abokan tafiyata suna ta tashi suna zama, ni ina zaune daram har ina kallon gonakin dawa. Wallahi na yi kewar wannan.

Ba dokin tsere ba ne. A gasar juriyar dawakai ta Tevis da ake yi a Kalifoniya a Amurka, wadda aka fara a 1955, mil 100 ake ci cikin awa 24, kuma dawakin Larabawa ne suka fi lashe ta. Da muka saki sukuwa a wani fili, bidin nan shi ne na ƙarshe. Amma da muka isa na sa yatsa ƙarƙashin muƙamuƙinsa na ƙirga bugun zuciyarsa. A irin waɗancan gasanni likita ba ya barin doki ya ci gaba sai bugun zuciyarsa ya sauko wajen 64 a minti. Nasa bai daɗe ba ya sauko.

Abin da ya ɓata mini rai majayi ne. Tsoho ne, ya bushe ya yi kaifi, kuma da na sassauta shi sai ga fatar bayan hammatarsa ta saɓule, ƙuda har sun fara sauka. Na naɗe wurin da rawanina, rabin hanyar dawowa jan sa na yi a ƙasa.

Na nuna wa mai bargar. Na ce, "Alhaji, dokin da ke ciyar da kai bai cancanci wannan ba." Ya ba da haƙuri, ya ce zai hutar da shi har ya warke. Zan sake karɓar bidin, amma na riga na ba da ɗinkin majayina a Kasuwar Kurmi.