Akwatin Jera Magani Mai Gurabe 28: Ra'ayin Ma'aikaciyar Jinya

Akwatin da nake magana a kansa shi ne na robar nan mai tire bakwai, ɗaya ga kowace rana ta mako, kowane tire kuma da gurbi huɗu na safe da rana da yamma da lokacin kwanciya barci. Kamfanoni da yawa ne ke ƙera shi, kuma ƙirar kusan ɗaya ce. Na daɗe ina amfani da shi wajen koya wa majiyyata shan magani kafin a sallame su, kuma a ganina yana da amfani sosai ga mai mantuwa, amma bai kamata a miƙa shi ga kowa ba sai an fara duba mutumin da magungunansa.

Matsalar da aka ƙera shi dominta ba ƙarama ba ce. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2003 ya nuna cewa a ƙasashe masu arziki ma kusan rabin masu cutar da ake daɗewa ana jinyarta ne kawai ke shan magani yadda aka rubuta musu. Ga dattijo mai hawan jini da ciwon suga wanda ke shan ƙwayoyi iri biyar ko shida, akwatin yana raba gardama nan take, domin kallo ɗaya ya isa a san ko an sha na safe. Zare tiren yini ɗaya a sa a aljihu ma yana sauƙaƙa tafiya.

Babban amfaninsa a wurina kuwa shi ne abin da yake nuna mini game da majiyyacin. Idan ma'aikaciyar jinya ta gama bayani ta ce, "Baba, ka gane?" amsar kullum ita ce an gane. Amma idan ta ajiye akwatin da katunan maganin a gabansa ta ce, "Baba, jera mini na gobe, kana faɗin sunan kowanne da abin da yake yi maka," to a nan take ganin gaskiyar al'amari. Za ta ga ko yana kai kwalin dab da idonsa kafin ya karanta, ko yatsunsa sun gaza ɓallo ƙwaya daga kati saboda ciwon gaɓoɓi ko rawar hannu, ko yana rikita fararen ƙwayoyi biyu masu kama da juna, ko kuma ya sa furusamid a gurbin dare alhali maganin yana sa yawan fitsari, shi ya sa aka fi son shan sa da safe. Cikin 'yan mintoci an auna gani da ƙarfin yatsu da tunani, kuma an gyara kuskure tun kafin ya bar asibiti.

A wannan zaman ne kuma akan gano wanda ba mantuwa ce ke damun sa ba. Wani ya daina shan maganin hawan jini ne da gangan saboda jiri yana ɗibar sa idan ya miƙe tsaye, wani kuma saboda yana ganin ya warke tunda ba ya jin ciwo. Irin waɗannan ba akwati suke bukata ba. Na farko ya kamata a auna jininsa a kwance da a tsaye a sanar da likita, na biyu kuma a zauna a yi masa bayani.

Ta fuskar ƙira akwai abin gyara. Murafen suna da tauri yayin da akwatin yake sabo, bayan wani lokaci kuma su saki, har su buɗe a cikin jaka ƙwayoyin Talata su gauraye da na Laraba. Rubutun da ke kan murfin yana gogewa, don haka na fi son wanda aka yi wa rubutu mai tudu ko hoton rana da wata, wanda ke taimaka wa wanda bai iya karatu ba. Kuma yawancinsu ba su da makullin da zai hana yaro buɗewa.

Aibin da ya fi damu na shi ne, da zarar an fitar da ƙwaya daga kwalinta ta rabu da rubutun da ke nuna sunanta da ƙarfinta da ranar ƙarewar wa'adinta. Bayan haka akwai magungunan da ba su dace da shi ba ko kaɗan. Dabigatiran, maganin tsinka jini, yana lalacewa da laima, har hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2011 cewa a bar shi a cikin kwalbarsa ko katinsa na asali. Ƙwayar naitirogilisarin da ake sa wa a ƙarƙashin harshe idan ƙirji ya yi ciwo tana rasa ƙarfi a wajen kwalbarta, kuma ba ta da lokacin sha da za a ware mata gurbi. Wafarin, wani maganin tsinka jinin, yakan canza adadi bisa sakamakon gwajin jini, ta yadda abin da aka jera ranar Lahadi zai iya zama kuskure ranar Laraba. Alendironet na raunin ƙashi ana shan sa shi kaɗai da safe, kafin cin komai, da ruwa cikakken kofi, kuma ba a kwanciya sai bayan minti 30, don haka haɗa shi da sauran ƙwayoyin safe yana ɓata tsarinsa. Mafi haɗari shi ne metotireksit na ciwon gaɓoɓi, wanda sau ɗaya a mako ake sha, kuma shan sa kullum bisa kuskure ya sha halaka mutane. Akwati mai gurbi a kowace rana yana iya jawo wannan kuskuren idan mai jerawa bai sani ba. Allurar insulin da maganin shaƙa na asma da na ɗigawa a ido ba sa shiga ciki, kuma majiyyaci yakan manta da su saboda yana ɗauka akwatin ya ƙunshi komai. Ƙungiyar masana harhaɗa magunguna ta Birtaniya ma ta ba da shawara a 2013 cewa kada irin wannan akwati ya zama zaɓin farko ga kowane majiyyaci.

Wanda aka duba aka ga ya dace da shi, ina ba da shawarar a haɗa masa da takarda mai manyan haruffa da ke ɗauke da sunan kowane magani, da kamanninsa, da dalilin shan sa, da jerin waɗanda ba sa cikin akwatin, kuma a ajiye kwalayen asali kada a zubar. A gaya masa a fili cewa idan ya tarar da ƙwaya a gurbin jiya kada ya haɗa ta da ta yau sai ya tambayi likita ko mai harhaɗa magani. Duk ranar da likita ya canza wani magani ko adadinsa, a juye akwatin gaba ɗaya a sake jerawa daga kwalayen, domin tsince ƙwaya ɗaya daga cikin fararen ƙwayoyi masu kama da juna ba abin dogaro ba ne.