Wanne zan ɗauka in yi fostin sau ɗaya ya tafi ko'ina?

Duk mai riƙe da shafin sana'a ya san wahalar nan, ka rubuta abu a Facebook, ka kwafa ka kai Instagram, ka je X ka tarar ya wuce haruffa 280 dole ka datse, kafin ka isa LinkedIn har ranka ya ɓaci. To akwai shafukan da ke ɗauke maka wannan jigilar, ka rubuta sau ɗaya ka sa lokaci, su su watsa.

Ni dai Buffer nake so kuma ba zan ɓoye ba. Joel Gascoigne ne ya fara shi a 2010 a Birmingham ta Ingila, kuma abin da ya kama ni da shi tsarin layinsa ne, wato sau ɗaya za ka saita ka ce a riƙa fitar maka da fostin ƙarfe kaza da ƙarfe kaza, daga nan kai dai zubawa kawai kake yi shi kuma yana ɗauka ɗaya bayan ɗaya ko kana barci. Na kyauta ɗinsa yana ba ka akawun uku, kowanne ka jera fostin goma, wanda gaskiya ya ishi mai ƙaramar sana'a. In ka girma kuma gwargwadon yawan akawun ɗin da ka haɗa kake biya. Sannan yana barinka ka gyara rubutun kowane dandali daban, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne fa, don linki a ƙasan hoton Instagram ba ya dannuwa, in ka watsa rubutu iri ɗaya ko'ina sai a gane na'ura ce ta yi maka.

Hootsuite ya girme shi, tun 2008 yake daga Vancouver ta Kanada, amma sun soke na kyauta a 2023, yanzu sai kamfani mai ma'aikata. Sprout Social kuwa kar ma ka leƙa in aljihunka ba nauyi. Later na masu hoton Instagram ne. Meta Business Suite kyauta ne amma 'yan gidansu irin su Facebook da Instagram kawai ya sani, ba ruwansa da X ko LinkedIn.

Yanzu ga inda na ƙone. Wani shafi da ba zan kira sunansa ba ya yi min alƙawarin komai kyauta har abada, ya ce in rubuta sunan akawun da fasawod ɗina a cikin akwatinsa, ni kuma son banza ya ja ni na rubuta. Ba a yi kwana uku ba shafina ya fara tallar kirifto da sunana, ana ta kirana ana tambaya ko lafiya, da ƙyar da siɗin goshi na ƙwato shi. Na gaske ba ya taɓa karɓar fasawod ɗinka wallahi. Tura ka yake yi shafin Facebook ko X ɗin kansu, a can ka shiga, su nuna maka izinin da yake nema ka amince, kuma duk ranar da ka ga dama ka shiga saitin akawun ka cire shi. Ko a nan ma duba adireshin da ke sama da kyau, don 'yan damfara na ƙera shafin shiga na bogi kamar an tsaga kara.

Haka masu tura manhajar da suka ce wai an fasa ta komai ya buɗe, guje su, ba ka san me aka cusa a ciki ba. Wanda kuma ya haɗa maka da sayar da mabiya, akawun ɗinka yake nema a rufe. Shi ma biya sau ɗaya har abada ɗin nan ina jin tsoronsa, don shafi na iya rufewa, Ping.fm, wani shafin irin wannan aikin da aka yi yayinsa, ai a 2012 aka rufe shi, kuma da X ta fara cajin kuɗi a 2023 kan haɗa manhajoji da ita wasu shafukan sai suka ajiye ta kawai. Don haka kafin ka biya na shekara gwada wata ɗaya tukuna, kuma ka mayar da Instagram ɗinka akawun na sana'a, in ba haka ba fostin ɗin ba zai fita da kansa ba, tunatarwa kawai za a turo maka a waya.