Gwajin hanya ko sauke giyabos: yadda ake gane kulocin 504 ya cinye

Alhaji, ka ce Peugeot 504 ɗin mahaifinka, Allah Ya jiƙansa, ta daɗe a kafe a Tudun Wada, kana so ka tashe ta, kuma kana tambaya ko za a iya gane lafiyar kuloci ba tare da an sauke giyabos ba. Hanyoyi biyu ne, amma ba abu ɗaya suke nunawa ba.

Gwajin hanya ba ya cin ko sisi. Ja hambirki, sa giya uku, ka saki kuloci a hankali da ɗan totur. In injin ya mutu nan take, farantin kuloci yana kamawa. In ya ci gaba da kuka, ya cinye. Ko ka hau gadar Kwangila a giya huɗu ka taka mai: injin na ihu, mota ba ta ƙara gudu, ga ƙauri na tashi, to magana ta ƙare. Sai dai gwajin nan na motar da ke yawo kullum ne. Wadda ta shekara da shekaru a ajiye, tsatsa kan manne farantin da fulawil, wato faifan ƙarfen da ke bayan inji, ya yi ta kamawa alhali ya lalace. Kulocin 504 kuma da mai irin na birki yake aiki, in robobin silindarsa sun bushe giya za ta ƙi shiga, a ɗora wa faranti laifin da ba nasa ba.

Saukewa kuwa akwai wahala da kuɗin bakanike, amma ido zai gani. Duba zurfin ribit, wato ƙusoshin da ke jikin farantin: in ya gaza milimita 0.3, ko kawunan sun fara ƙyalli, a canza shi kafin su karce fulawil. Shafa yatsa, in ka ji maiƙo, sil ɗin bayan inji ko na gaban giyabos ke yoyo, sabon faranti ma haka zai jiƙe in ba a gyara ba. Girgiza sifirin ɗin tsakiya ka ji ko suna kaɗawa, ka juya boris ka saurara. Don Allah kar yara su hure ƙurar da iska, tsofaffin farantai na ɗauke da asbestos, yana illa ga huhu. A goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Ni dai a motarka saukewa na zaɓa. Tun 1975 PAN, kamfanin Peugeot na Najeriya, ta fara haɗa Peugeot a Kaduna, don haka masu sanin cikinta ba su ƙare ba a garejin Sabon Gari. Nemi dattijo daga cikinsu, ka tsaya a kansa a auna ribit ɗin a gabanka.