Asibitin da muka kai ƙanwata gwajin EEG a Kaduna

Asibitin kuɗi ne ɗan ƙarami ta wajen Unguwar Rimi, ginin ba wani na a zo a gani bane, amma akwai likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da yake zama a wurin ranar Asabar, kuma sbd shi kaɗai zan iya cewa duk mai irin matsalarmu ya je. Ƙanwata ce ke fama, sai tana zaune kawai ta ce Yaya idona ya fara, wani haske mai walƙiya yana gilma mata ta gefe ɗaya, hannu ya yi mata nauyi, wani lokacin har magana ta sarƙe, daga nan sai ciwon kai da amai. A gida kowa da nasa, wasu sun ce iska ce a yi ruƙiyya, mai kemis ɗin layinmu ya ce farfaɗiya ce ke son kamata, kuma kun san yanda wannan sunan yake da nauyi a kan budurwa a garin nan.

Abun da ya burge ni shine likitan bai yi saurin tura mu wajen na'urar EEG ba, wato gwajin da ke auna aikin ƙwaƙwalwa ta wayoyin da ake liƙawa a kai. Ya zaunar da mu ya dinga tambaya kamar mai bin diddigin bashi, hasken nan lokaci ɗaya yake faɗowa ko a hankali yake yaɗuwa, kala gareshi ko fari da baƙi ne, minti nawa yake yi, tana sanin inda take ko hankalinta gushewa yake. Ya juyo wajena ya ce Malam kai da kake gani da ido, ta taɓa faɗuwa tana fizge-fizge, ta taɓa cizon gefen harshe ko fitsari ya kuɓuce mata? Na ce a'a wallahi. Sai ya mana bayani da Hausa tsaf, ya ce a ciwon ɓarin kai wanda suke kira migren, alamun da ke zuwa kafin ciwon a hankali suke tafiya, suna ɗaukar minti 5 zuwa 60, hasken yawanci zane ne mai karkace-karkace, sannan ciwon kan ya biyo baya yana bugawa a ɓari ɗaya daga awa 4 har zuwa 72, mutum baya son haske baya son ƙara. Ita kuwa farfaɗiyar da ke tasowa daga bayan ƙwaƙwalwa inda gani yake, farat ɗaya take zuwa, ƙananan da'irori masu kala, daƙiƙu ne ko ƴan mintuna kaɗan ta wuce. Ya ƙara da cewa abun da ke rikita mutane shine mai farfaɗiya ma kansa na ciwo sosai bayan ya farfaɗo, kuma akwai wanda Allah ya jarabta da duka biyun.

Shi gwajin ba zafi ba allura. An liƙa mata wayoyi a fatar kai da wani man shafawa mai danƙo, aka sa ta rufe ido ta buɗe, ta yi numfashi da ƙarfi na minti 3, aka haska mata fitila mai ƙiftawa. Nas ɗin mace ce kuma ta ja labule kafin a cire hijabi, wannan na ji daɗinsa ƙwarai. Rizol ya fito lafiya lau, amma nan ma likitan bai bar mu mun tashi da murna haka kawai ba, ya ce EEG mai kyau baya nufin babu farfaɗiya don masu ita da yawa gwajinsu na farko baya nuna komai, labarin da muka bashi ne ya fi sa shi tsayawa a kan migren. Ya ce in ya sake tasowa a ɗauki bidiyo da waya a duba agogo, ta kuma dinga rubuta ranakun da abun ya zo, ko ta yi ƙarancin bacci ko ta zauna da yunwa ko lokacin al'ada ne, tunda ciwon ya fi kama mata kusan ninki 3 a kan maza.

Inda suka gaza, wajen yankar kati ba wanda ya gaya mana sai an tsefe kitso an wanke kai ba mai, sai da muka koma muka sake dawowa, ga kuɗin Keke daga Tudun Wada. Layi ma babu tsari, wanda ya zo bayanka sai ka ga ya shige, kuma da nepa ta ɗauke an daɗe kafin a tada janareto. Kuɗin gwajin da na ganin likita daban-daban ake biya kuma ba sauƙi gaskiya, mai ƙaramin ƙarfi gara ya fara gwada asibitin gwamnati na Barnawa ko Barau Dikko ko ya daure ya tafi asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, Zariya.

In zaku je dan Allah ku tafi da wanda ya taɓa ganin abun da idonsa, ku kwashi duk magungunan da ake sha har na kemis da na gargajiya ku nuna. Mace mai aure ko mai shirin aure ta faɗa ma likita tun kafin ya rubuta magani, don akwai irinsu sodium valproate da ake bayarwa a duka ciwukan biyu amma yana da haɗari ga ɗan da ke ciki. Ku kuma kira kafin ku fito, don ba kowace Asabar likitan yake samun zuwa ba.