Sharhi kan wani rukunin gidaje a Lugbe: wurin ajiye mota ya raba kashi biyu

Rukunin gidajen da nake magana a kansa yana Lugbe, a gefen babbar hanyar Umaru Musa 'Yar'aduwa wadda ta tashi daga ƙofar birnin Abuja zuwa filin jirgin saman Nnamdi Azikiwe, kuma kamfani ɗaya ne ya gina shi kashi biyu. Kashin farko gidaje ne a jere masu haɗa bango, kowanne hawa biyu, da wurin ajiye mota biyu a bakin ƙofa. Kashi na biyu benaye ne masu hawa huɗu, inda mutum yake sayen gidansa a cikin bene, amma matakala da tankin ruwa da haraba na kowa da kowa ne. Dillalai sun fi zuga kashin farko, kuma shi ya fi tsada. Ni a na biyun nake zaune, kullum kuma sai na ratsa na farkon a ƙafa, shi ya sa nake ganin mai niyyar saye bai kamata ya ɗauki lissafin dillali yadda ya zo ba.

A takardar talla, layin kashin farko yana da hanyar masu tafiya a ƙafa hagu da dama, kuma ba ƙarya suka yi ba, an shimfiɗa ta. Sai dai da yake kowane gida yana da mashigar motarsa, an karya hanyar a gaban kowace ƙofa an kwantar da ita domin taya ta hau, ta yadda mai tafiya ba ya yin taku goma a kan shimfiɗa ɗaya, yana hawa yana sauka har ƙarshen layi. Filin da aka bari a gaban gidajen bai ishi doguwar mota ba, saboda haka duk mai jif ko Hilux sai gindin motarsa ya rufe hanyar, mai tura keken jariri ko tsoho mai sanda kuma dole ya sauka tsakiyar kwalta. Da safe, lokacin kai yara makaranta, motoci suna fitowa da baya daga ɓangarori biyu a lokaci guda, direba kuwa ba ya ganin yaron da tsayinsa bai kai gilashin baya ba. Babu bishiya ko ɗaya a layin, domin duk inda za a dasa ta mashigar wani ce. A watan Maris, sa'ad da zafin Abuja ya kai maƙura, siminti da ƙarfen motoci suna mayar da zafin sama, mutum ya gwammace ya tayar da mota ko da biredi zai sayo a bakin ƙofar rukunin.

Lissafin filin ma abin dubawa ne. Gurbin mota ɗaya yakan ci kimanin mita 2.5 a faɗi da mita 5 a tsawo, wato murabba'in mita 12.5, wanda ya yi daidai da ɗakin kwana matsakaici, idan kuma aka haɗa da wurin juyawa sai ya ninka. Wanda ya sayi gida a kashin farko ya biya kuɗin ɗakuna biyu na motoci a wuri mafi daraja na filinsa, tagar falonsa kuma ba ta kallon komai sai fitilun motarsa.

A kashi na biyu an tattara motocin duka a jikin katanga, ƙarƙashin rumfar kwano, kowane gida da gurbinsa mai lamba, benayen kuma suka kewaye haraba wadda mota ba ta shiga sai ta asibiti ko ta mai tarewa da kaya, su ma sai maigadi ya cire sarƙa. Ina zaton ƙarancin fili ne ya tilasta wa kamfanin wannan tsari, ba hangen nesa ba, amma ko ma mene ne dalili, sakamakon ya yi kyau. Hanyar da ta tashi daga rumfar motoci zuwa ƙofofin benaye shimfiɗa ɗaya ce ba yankewa, da itatuwan darbejiya da suka fara yin inuwa, da fitilun sola. Bayan la'asar yara suna tuƙa keke suna buga ƙwallo, iyaye mata suna hango su daga baranda ba tare da hankalinsu ya tashi ba, dattawa kuma sun sami dakalin da suke zama kafin magariba. Da yake kowa sai ya taka daga motarsa zuwa gida, dole a haɗu a gaisa, kuma wannan ɗan takun ne ya sa maƙwabta suka san juna fiye da mazauna layin farko, waɗanda suke fita daga falo su faɗa mota. Harabar ta yi kama da dandalin unguwa a cikin birnin Kano, inda lungu ya hana mota shiga, yara suka mallaki wurin.

Tsarin yana da wahalarsa. Wanda ya dawo daga kasuwa da buhun shinkafa da jarkar mai zai ɗauke su a hannu ya ratsa haraba, sannan ya hau matakala, domin benayen ba su da na'urar hawa. Da damina ba a yi wa hanyar rufi ba, ko a ɗauki lema ko a jiƙe. Gida mai mota biyu sai ya nemi maƙwabcin da ba shi da mota ya ara masa gurbi, baƙi kuma ranar suna ko walima sukan cika bakin ƙofa. Mai tsoho ko marar lafiya a gida ya dage sai an ba shi hawan ƙasa. Ginin kansa matsakaici ne: ɗakuna suna shan iska, ruwan rijiyar burtsatse yana hawa har sama, amma ƙofofin ciki da famfuna na araha ne, kuma fentin waje ya fara tashi tun daminar farko.

Babban aibin rukunin ya shafi kashi biyun duka, wato ƙofa ɗaya tak da aka yi wa katanga mai tsawo. Masallacin Juma'a da masu kayan miya da kemis suna bayan katangar baya, ana jin kiran salla kamar a tsakar gida, amma sai an zagaya ta gaba, an bi hanyar ƙasa wadda ba ta da gefen masu tafiya, ana kauce wa Keke Napep da tankokin ruwa. Ƙaramar ƙofar mutane a baya, da maigadi ɗaya, da ta kashe wannan matsala. Taswirar Abuja ta 1979 an tsara ta ne a kan ƙananan unguwanni, kowace da makarantar firamare da shagunanta a inda ƙafa za ta kai, ana kuma ganin burbushin hakan a Garki da Wuse, amma rukunonin da suka bazu a Lugbe da Lokogoma kowanne ya kewaye kansa ya juya wa maƙwabcinsa baya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tayar da mota domin sayen tumatir ya zama abin da magidanci yake ji a aljihu.

Lugbe wuri ne da ambaliya ta sha yi wa ɓarna, saboda haka mai saye ya zo duba gida bayan an ɗauke ruwan sama. Zai ga layin farko, da aka rufe da siminti daga ƙofa zuwa ƙofa, yana tura ruwa gaba ɗaya cikin lambatu har ya tumbatsa, harabar benaye kuwa ciyawa da ƙasa suna shanye kaso mai yawa.

Wanda ya zaɓi kashi na biyu ya nemi abu biyu a rubuce kafin ya biya. Na farko lambar gurbin motarsa ta fito a takardar sayarwa, domin takardar mallakar filin gaba ɗaya tana hannun kamfani. Na biyu kuma dokar hana mota shiga haraba ta kasance cikin ƙa'idojin ƙungiyar mazauna, saboda a kowane taron da ake tattauna kuɗin hidima sai an sami mai neman a cire sarƙar a bar shi ya yi fakin a gindin benensa, kuma a yanzu rinjayen 'yan hannaye kaɗan ne yake hana hakan.