Wata huɗu muna kai Baba wajen haske a Jidda

Tunda 'yan uwa na ta kirana suna tambaya kan maganin hasken da ake yiwa Baba na ciwon fata, bari kawai in faɗi abinda na gani a sashen fata na asibitin kuɗin da muke zuwa.

Ciwon Baba sunansa mycosis fungoides, wani irin kansa ne na fararen ƙwayoyin jini amma a fata yake zama. Shekara biyar ana mana yawo da hankali, wannan yace kyasbi ne wancan yace alaji, Gwaggo ma cewa tai sammu ne, se da aka yanki 'yar fatarsa har sau biyu aka gwada kafin aka gano. A baƙar fata irin tamu tabon fari-fari yake fitowa, cinya da gadon baya, wuraren da rana bata gani. Kuma ba'a ɗauka wlh, amma ran da mukaje umra yasa harami wani mutum ya kalli kafaɗarsa ya matsa gefe a sahu, tun daga nan Baba ya dena son fita.

Ƙaiƙayin shine bala'in. Da mataji yake susa cikin dare, da safe Umma ta kakkaɓe zanin gado duk ɓawon fata da ɗigon jini, mukayyif (AC) kuma ƙara busar da jikin yake, ka kashe zafin Jidda ya dafa ka.

Injin da ake haska masa fatar kaman ƙaramin banɗaki yake a tsaye, dogayen fitilu zagaye da shi, narrowband UVB suke ce masa. Sau 3 a sati. Zaka tuɓe, a baka baƙin tabarau, ka rufe al'aura, farkon zuwa ko minti ɗaya baya cikawa, Baba ya fito yana cewa "yanzu dan wannan muka biya taksi?" Daga baya suke ƙara lokacin kaɗan kaɗan. Abinda ya burgeni nas ɗin namiji ne, baya kunna injin se ya duba ko fatar ta ƙone daga zuwan baya, kuma "ya ammi" (wato baffana) yake ce masa, baya gaggawa da dattijo.

Inda suka gaza: inji ɗaya tal, mau'idi (lokacin da suke baka kazo) da safe kawai, ni kuma ina aiki. Ta'amin, wato inshorar lafiya, ya riƙe mu sati biyu ba amincewa, da muka koma aka rage ƙarfin hasken dan an yi fashi, kusan daga baya muka sake farowa, raina ya ɓaci sosai.

Likitar bata ɓoye mana ba, tace hasken kwantar da ciwon yake, yana iya dawowa. Fatar na bushewa bayan an fito, Vaseline muke lafta masa, ba turare a ciki, ko da harami ze iya shafawa.

Zan ce kuje, amma ku fara gama maganar ta'amin tukun. Satin da ya wuce Umma ce ta tashe shi sallar asuba, da ƙyar ma.